Lemon Tsami a Bakin Rariya

"Ɓamɓare tayil ɗin," in ji Baba Direba. "Lemon bai tafi ba."

Ina durƙushe a banɗakinsu, siminti har gwiwar hannu. Shi kuwa yana kan kujera a bakin ƙofa, an tokare shi da matashi, don ciwo ya ci ƙarfinsa, ko buta ba ya iya ɗagawa. Lemon tsamin da ya sa na ajiye a lungu ya ɗan mirgina, ya tsaya a tsakiyar sabon tayil, bai kai rariya ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Bara ruwa ya riƙa kwanciya a banɗakin nan har ya yi gansakuka, matarsa Inna ta zame ta karye a hannu. Da asibiti suka ce a kai shi gida kawai, sai ya kira ni, tunda na taɓa aikin gini. Ya ce ba zai tafi ya bar mata wurin da zai sake kayar da ita ba, alhali babu mai ɗaga ta.

Na fasa tsohon daɓen, na shafa baƙin maganin hana ruwa har jikin bango, shafi kan shafi. Muka toshe rariya, muka tara ruwa, ya aike ni ɗakina in duba ko danshi ya ɓullo. Bai ɓullo ba. Saura gangara.

Inna ta leƙo. "Malam, lemon da zan matsa maka ne kake ƙwallo da shi?"

"Ki bar direba da sanin gangara," ya ce, tari ya sarƙe masa dariyar.

Na ce masa kuskuren kaɗan ne. Ya ce kaɗan ɗin ne ya karya ta. Na ɓamɓare, na ƙara siminti ta lungu, na sake jerawa a hankali. Wannan karon lemon ya taho kamar an kira shi, ya zauna a bakin rariya.

"Kada kowa ya taka sai ya bushe," ya ce.

Ranar da simintin ya bushe Baba Direba ya cika, da hantsi. Ruwan farko da ya bi ta kan tayil ɗin na wankansa ne, bai kwanta ko'ina ba.

Da muka dawo daga maƙabarta na je ɗaukar cokalin ginina. Na hangi Inna a tsaye tsakiyar banɗakin, ba takalmi, ba ta dafa bango ba, lemon yana hannunta.