Hatsin da Baba Yari Ya Raba

"Riƙe mini ƙafar nan, Bernadette, in hau," in ji Baba Yari.

Na riƙe, mai kabu-kabu ya karkato masa mashin. Ƙafar ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Matarsa, Mama Margaret, tana bakin ƙofa tana faɗa, wai likita ya ce ko coci kada ya je.

"Ba coci za ni ba," ya ce. "Wurin ɗana za ni."

Shekara goma sha ɗaya shagona na magani yana jingine da katangar gidansu a Zuru. Baba Yari tsohon soja ne. Shi unguwa ta ɗora wa rabon hatsin tallafi a 2005, shekarar da yunwa ta koro wasu mutanen Nijar garinmu. Yanzu ɗansa Markus yana neman kansila, kuma duk inda ya tsaya maganarsa ɗaya ce: baƙi sun cinye abin talakawa.

Na rufe shago na bi shi. Mun iske filin firamare cike, Markus riƙe da lasifika.

"Hatsinmu su suka kwashe! Asibiti su, layin famfo su! Me suka tsinana wa garin nan?"

Ni ma baƙuwa ce, daga Inugu iyayena suka zo da ni. Na san idan aka gama da mutanen Nijar, kanmu za a juyo. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba: "Ƙarya ne! Ko ƙwaya ɗaya ba su karɓa ba!"

Aka fara hayaniya. Baba Yari ya dafa kafaɗata, muka ratsa mutane a hankali. Da Markus ya gan shi sai ya sauke lasifikar.

"Baba, me ya fito da kai?"

"Ba ni abin nan."

Ya ba shi. Sai da tsohon ya huta kafin magana ta fito.

"Bernadette, ɗiyata, ke ma ba ki faɗi daidai ba. Sun karɓa. Gida tara, da hannuna na ba su, don na ga yaransu. Talle, kana nan?"

Daga can baya wani dogon mutum, mai haƙar rijiya, ya ɗaga hannu. "Ina nan, Baba. Mun amsa, wata ukku. Da damina ta faɗi munka daina zuwa."

"Kun ji. Sauran gidajen duk namu ne, har da nawa. Markus, tuwon da ka ci a ɗakin uwarka waccan shekarar, na hatsin ne. Akwai ɗaya cikin baƙin da ya saci akuya, an kama shi, ban ɓoye ba. Akwai kuma wanda ya haƙa rijiyar cocinmu. Ka nemi kujerarka, ɗana, zan so ka samu. Amma ka faɗi duka."

Ya miƙa lasifikar, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Ni da Markus muka tare shi. Kunya ta hana ni kallon kowa.

Kwana huɗu Markus bai taka gidan ba. Ran na biyar na kai allura na iske shi zaune a ƙasa yana matsa wa uban ƙafa.

"Ka kashe mini zaɓe, Baba."

"Wataƙila. Matsa nan, wajen idon sawu."

Markus kuwa ya faɗi zaɓen, da ƙuri'a kaɗan. Wasu sun ce maganar uban ce, wasu sun ce dama ba zai ci ba. Baba Yari bai ji sakamakon ba. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, Mama Margaret tana ba shi kunu.

Ƙasar maƙabartar tsauri gare ta, samarin coci suka yi ta fama. Sai ga Talle da mutum uku da digarsu. Ba su tambayi kowa ba, suka shiga ramin. Can Markus ya tuɓe rigarsa ya karɓi shebur.

Da aka watse na tsaya jiran Mama Margaret. A gindin wani mangwaro na hango Talle yana tsiyaya ruwa daga butarsa, Markus ya tara hannuwa yana wanke jar ƙasa.