Yarinyar da Aka Miƙo Ta Taga

Motar ta tsaya a wani ƙaramin gari, gaban shagon mai walda. Ni kaɗai ce baƙuwa a cikinta. Karatun jinya ya kawo ni ƙasar, na samu hutu na ce bari in ga ƙauyukansu. Harshensu kuwa na iya shi daidai na ciniki da faɗa.

Wata mata ta taho da gudu ta miƙo mini yarinya ta taga. Ba ta fi shekara uku ba, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Riƙe min ita, 'yar'uwa."

Na karɓa, a zatona zagayowa za ta yi ta shigo. Sai direba ya ja mota. Matar ta ɗaga murya, "Tsuntsuwa, ki gai da kaka!"

"Direba, tsaya! Uwar ba ta shigo ba!"

Mota ta kwashe da dariya. Tsohon da ke gefena, da kwandon kaji a cinya, ya ce, "Da ma ba shiga za ta yi ba. Saƙo ce. Kakarta za ta karɓa a gari na gaba."

"Saƙo? Baba, mutum ce fa!"

"Mutum ce mana. Shi ya sa aka ba ki ita, ba a ɗaure ta a sama da buhuna ba."

Aka ƙara wata dariyar. Na ƙara rungume yarinyar. Iyaye cike da mota, babu wanda abin ya dama. Yarinyar ta lafe a ƙirjina ta yi barci.

Muna tsayawa a gari na gaba, wani mutum mai farar riga ya matso ya miƙo hannu.

"Kawo Tsuntsuwa. Ni kawunta ne."

Yarinyar ta farka, ta dube shi, ta ƙanƙame wuyana.

Na ce, "Direba, ka san shi?"

"Ina zan san kowa? Ba ga shi ya faɗi sunanta ba?"

"Sunan da uwarta ta kira a bainar jama'a? Waya ɗaya ta isa ta kawo shi nan kafin mu!"

Wata mata daga baya ta ce, "Ke baƙuwa, ba shi 'yarsu mu tafi. Rana na yi."

"Wallahi ba zan bayar ba."

"To, sauka ki rene ta," in ji direba.

Na saɓi yarinyar, na ja jakata na sauka. Mota ta bule mu da hayaƙi ta wuce. Na ce wa mutumin, "Mu je ka kai mu gidan kakar."

Ya yi murmushi, ya ce bari ya samo mana abin hawa. Ya sha kwanar kantin magani. Shiru, shiru.

Can sai ga wata tsohuwa tana ɗingishi, tana haki. Yarinyar ta zille daga hannuna ta ruga. "Kaka!"

"Ƙafar nan ce ta makarar da ni," in ji tsohuwar. "Sannu, 'yata."

"Kawunta ya riga ki zuwa."

"Wane kawu? Ni duk mata na haifa."

Na zauna a kan jakata. Na kwashe labari na faɗa mata, na ce mu tafi wurin 'yan sanda yanzu, tun bai yi nisa ba. Ta daɗe tana shafa kan jikarta.

"Ai Allah ya tsare," ta ce a hankali. "Ki rufa min asiri. In uwarta ta ji, ba za ta ƙara aiko min da ita ba."

Ta goya yarinyar, ta yi mini godiya, ta juya.

Na ɗauki jakata na tsallaka titi, na tsaya jiran motar da za ta koma garin uwar.