'Yar Kunya a Firjin Karkade

Duk unguwar Waziriyya ta Jidda an san Abduljalil da gyaran firji da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, firjin nan uku masu ƙofar gilashi da ke ƙuryar shagonsa ba na sayarwa ba ne. Ko da buhun kuɗi ka zo, haƙuri zai ba ka. Furanni yake kiwo a ciki.

Kiwo fa, ba shuka ba, don ɗawainiyar ta fi ta akuya. Furen ɗan ƙasar sanyi ne, cikin ƙanƙara yake tsirowa, fari fat, ɗan mitsitsi, kullum kai a sunkuye. Turawa suna da sunan da suke kiransa, amma marigayiya Naja'atu, matar Abduljalil, 'yar kunya ta raɗa masa. Ita ta gano shi a Turkiyya, a tafiyar shaƙatawa ɗaya tilo da suka taɓa yi. Ta sayo tushensa, wanda bai da maraba da 'yar ƙaramar albasa, ta ce a shuka mata a Jidda. Da ya ce ba zai rayu ba sai ta ce, "Kai mai sanyaya gidajen mutane, fure ɗaya ne zai gagare ka?"

Shi ke nan ta ɗaure shi. Ya sa wa firji fitila, ya koyi lokacin da za a ƙara sanyi da lokacin da za a bar albasar ta yi barci, har furen ya buɗe. Naja'atu ta gan shi sau biyu kafin Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan rasuwarta ne abin ya zama abin da ya zama. Abduljalil ya faɗa wani zauren masu tara 'yar kunya a intanet, waya na yi masa tafinta, ya gano ashe iri-iri ce: mai ɗigon kore, mai ɗigo biyu, mai ninki. Ya dinga saye, tukwane suka cika firji uku. Amma tukunyar Naja'atu, wadda ba ta da wani ado, ita ce a tsakiyar firjin farko, kuma ita yake fara dubawa kowace safiya kafin ya sha shayi.

Wata rana sai ga Saudatu, yayar marigayiya, mai sayar da karkade a bayan layinsu. Zoɓo ne dai, amma wanda ya taso a Sudan ba zai ce zoɓo ba. Ta tsaya gaban gilashin ta riƙe ƙugu.

"Abu Mubina," ta ce, don da sunan 'yarsa take kiransa, "iri na zo nema. Na ƙanwata."

A gidan su Naja'atu, can garin Mai Wurno na Sudan, ba a hana iri. Kuɓewa ce, lalle ne, ko na'ana'a, wanda duk ya ce iri sai a ɗebo masa. Naja'atu ma haka ta rayu, rabin na'ana'ar da ke tagogin Waziriyya daga tagarta ta fito. Ina bakin da zai ce a'a?

"Yaya, wannan ba na'ana'a ba ce fa. Wuyar sha'ani gare ta."

"Ni ma haka ake cewa, ga ni nan a raye."

Ya tono tukunyar, ya yi ta jujjuya albasar yana zaɓe, har ya samo wadda ta fi ƙanƙanta, abin kunya. Ya haɗa ta da dogon bayani kan sanyi da ruwa da haske. Saudatu ta ƙulle ta a gefen mayafi ta ce halas, shi ke nan, ta ji. A ransa ya riga ya yi wa albasar ta'aziyya.

Shekara ta zagayo, aka saka wata 'yar kunya a gwanjon intanet. Wannan kam ɗigonta ruwan zinariya ne, kuma an ce masu ita a duniya ba su da yawa. Albasa ɗaya tak. Ranar rufe gwanjon Abduljalil yana unguwar Abhur, a saman tsani, yana fama da mukayyif ɗin wani gida na bakin ruwa, sukurdireba a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ya taya riyal dubu, wani ya ɗora. Ya ɗora, wancan ya ƙara. Bai san mutumin ba, amma ya tsane shi tsana ta gaskiya.

"Wallahi ba ka isa ba!" ya ce da ƙarfi.

Mai gidan ya leƙo daga ƙasa. "Da mukayyif ɗin kake, ya mu'allim?"

"Da shi nake. Taurin kai gare shi."

Kafin ya sauko daga tsanin nan ya sayi albasa ɗaya a kan riyal dubu huɗu da ɗoriya, kuɗin sabon firji dungurungum. Da Saudatu ta ji sai da ta zauna. "Albasa ɗaya? Ko miya ba ta yi? Innalillahi! Abu Mubina, ka je a duba ka."

Baƙuwa ta iso cikin ɗan akwati, takardunta sun fi ta nauyi. Mutanen zaure suka taya shi murna, suka kuma ja masa kunne: sabuwar albasa a ware ta ita kaɗai har shekara, don akwai cutar bairos da ke ɓuya a jiki ba a gani, kuma ba ta da magani. Abduljalil ya karanta, ya gane sarai. Har ya wanke wani ƙaramin firji a bakin ƙofa ya sa ta ciki. Ya koma ya zauna, ya ɗago ya gan ta can ita kaɗai kusa da kwandon shara, sai abin ya tsaya masa a rai. A gidan ubansa ba a taɓa barin baƙo a zaure ba, balle wanda ya keto teku. Ya tashi ya ɗauko ta, ya matsar da tukwane, ya ajiye ta dab da ta Naja'atu.

Da a nan ya tsaya ma da sauƙi. Lokacin barcin albasa ya zo, lokacin da masu sana'ar ke yanka kowace gida-gida don kowane yanki ya haifi sabuwa. Burinsa ta Naja'atu ta cika firji guda ita kaɗai, don haka ya fito da albasarta kaf, bai rage ko ɗaya ba. Ya ɗauko 'yar wuƙar da marigayiya ke yankan salak da ita, don neman albarka. To da wa za a fara? Da baƙuwa mana, ai baƙo ake fara zuba wa abinci. Ya yi bisimilla ya yanka ta, ya goge wuƙar a gefen rigarsa, ya wuce kan ta Naja'atu, daga nan sauran, yana 'yar waƙarsa.

Da ganye ya tsiro sai ga shi da zane-zane, ratsin ɗorawa a cikin kore, wasu a murɗe. Da farko har daɗi ya ji, ya zaci zinariyar baƙuwa ce ta bazu. Ya ɗauki hotuna ya tura zaure yana jiran yabo. Wata dattijuwa da kowa ke jin maganarta a wurin ta tambaye shi abu ɗaya: wuƙa nawa ya yi aiki da su? Ya ce ɗaya. Ta ce ta yi masa jaje, cutar ce, wuƙar ta raba ta, kuma duk wadda ta taɓa sai a ƙone.

Ya ƙone su a tsohuwar tasa bayan shago. Ta riyal dubu huɗu bai ko kalle ta ba. Da ya zo kan tukunyar Naja'atu sai hannunsa ya ƙi, ya zauna a kan bulo ya yi kuka, irin wanda bai yi ba tun ranar jana'iza. Da hannunsa ya yi, da wuƙarta kuma, wannan ne ya fi ci masa rai.

Ya kwana biyu yana kewaye layin Saudatu. Tun da ya ba ta albasar nan bai taɓa tambayar lafiyarta ba, don ba ya son jin ta mutu. Ran da ya gaji da kewaye ya yi sallama, ya same ta tana ɗura karkade a robobi.

"Na ji an yi gobara a shagonka," ta ce, ba ta ɗago ba. "Albasar miliyan ta ƙone."

"Yaya, ki bari."

"To yalla, maza miƙo mini robobin can a firji."

Ya juya wajen firjin sana'arta, tsohon na lemo mai gilashi, wanda shi da kansa ya gyara mata. A ƙasa, tsakanin jajayen robobi, ga gwangwanin madara an huda gindinsa. Ganye kore shar, ba zane ko ɗaya, da fararen furanni sun sunkuyar da kai. Ya durƙusa a wurin, ya manta da robobin.

"Ta yaya?" ya ce.

"Yadda ka ce mana. Ka ɗauka ban ji ba? In ganyenta ya bushe in sa ta ƙarƙashin gado, in lokaci ya yi in mayar. In ta haihu in raba da hannu. Me ya haɗa ni da wuƙa?" Ta goge hannu a zani. "Me ke tafe da kai, Abu Mubina?"

Ya san ta sani, so take ya faɗa da bakinsa. "Iri na zo nema, Yaya."

Ta jawo gwangwanin ta zazzage a kan tire, ta raba curin biyu da yatsu, ta tura masa ɓangaren da ya fi manyan albasa. Ya kalli rabin da ya rage, halin nasa ya motsa.

"Da kin ba ni duka. Firjina ya fi wannan, ga fitila mai kyau, ga..."

"A'a." Ta mayar da nata cikin gwangwani tana danna ƙasar da babban yatsa, idonta ya ciko. "Ƙanwata ce tun kafin ta zama matarka. Sau ɗaya na bar maka ita duka, aka kira ni asibiti. Rabi za ka ɗauka. Kuma duk wanda ya zo maka neman iri, ka ba shi babba."