Ruwa Ya Tarar da Inna Tana Takaba

Ni ban yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci kawai na shiga, shi ma da girmana. Abin da zan rubuta abin da idona ya gani ne a gidanmu na Wudil, can gangare kusa da kogi, shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji.

Babanmu Malam Sabo ya rasu farkon damina, mahaifiyata Inna Hansai ta shiga takaba. Mijina ya bar ni na taho daga Utai in zauna da ita, ina goye da 'yata Rabi. Ƙanena Labaran direba ne a Kano. Kafin Baba ya kwanta ciwo, Labaran ya zo da kuɗinsa ya sa aka sauke soron ɗakin Inna aka rufa kwano. Unguwa duka an zo kallo. Amma bangon yana nan na ƙasa yadda na san shi tun ina yarinya, kuma kwanon bai fito sosai ba, in aka yi ruwa sai ya zubo ya riƙa cin gindin bango.

Inna ta riƙe takabarta yadda ta ga iyayenta sun riƙe. Ba kwalli, ba turare, ba ta amsa wa namiji magana in ba Labaran ba, kuma ba ta wuce bakin zaure. Ta ce Malam ya zauna da ita shekara da shekaru bai taɓa sa ta kuka ba, wannan ne abin da ya rage ta yi masa.

Ruwan ya zo cikin marka. An yi kwanaki ana yayyafi, ƙasa ta sha har ta ƙi karɓa. Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa, mazan unguwa duk sun hau tudu. Da hantsi gabas ta yi baƙi, aka sako ruwa irin wanda ban taɓa gani ba. Ina wanke-wanke a bakin madafi na lura rariya ba ta fitar da ruwa, shigo da shi take yi, jajawur, da kara da kashin awaki. Turai maƙwabciyarmu ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce kogi ya cika ya shigo lungu, su kam sun tafi makarantar firamare da ke tudu, mu ma mu fito.

Na shiga na gaya wa Inna. Tana zaune a kan tabarma da carbinta. Ta ce in ɗauki Rabi in bi su Turai, ita tana nan. Na ce ba inda zan je in bar ta. Ta ci gaba da jan carbinta.

Da ruwa ya shigo ɗaki muka naɗe tabarma muka hau gadon ƙarfe. Ya wuce idon sawu, ya kai gwiwa. Ƙore da tasoshi suka fara yawo a tsakar ɗaki suna gwara kai. Da soron nan yana nan da sai mu hau sama, ko banza Inna ba za ta ce ta bar gida ba. Kwano kuwa ba ya hawuwa, ga ƙarar ruwa a kansa, sai na kai bakina kunnen Inna kafin ta ji ni. Na leƙa tsakar gida na ga ruwan ya kai wuyan randa, ya kuma yi ƙarfin da ba zan ratsa shi da goyo ba. Ko da Inna ta yarda a lokacin, ba mu da hanya da ƙafa.

Can sai na ji ana buga ƙyauren zaure da itace. Halliru ne, ɗan ƙanwar Baba, taubashina. Masunci ne, ya shigo da kwalekwalensa har tsakar gida, ya riƙe bakin ƙofar ɗaki, yana kawar da kai don kada ya kalli Inna.

"Yelwa, ashe kifi kika koma ban sani ba? Da na zo da koma. Ki ce wa Inna ta taho, jirgi ya iso."

Inna ta ja zane ta rufe fuska. Ta raɗa mini in gaya masa an gode, ya ɗauke ni da yarinya. Halliru ya daina wasa, ya yi ta roƙo ta bakina, ni ina juya maganar ina ƙarawa da tawa. Na ce mata Baba da kansa ba zai so haka ba. Ta ce ni ban san abin da Malam zai so ba fiye da ita. Daga ƙarshe ta ce magana ɗaya ce: a je a tambayi limamin unguwa, wanda ya sallaci Malam. Abin da ya faɗa shi za ta yi.

Halliru ya juya. Muka zauna jira. Ruwa ya taɓa ƙarfen gado, katifar rimi ta fara sha daga ƙasa. Wani ɓangare na yaɓen bango ya ɓanɓaro ya faɗa ruwa a bayanmu. Rabi ta yi kuka har muryarta ta dushe, na ba ta nono ta ƙi kamawa.

Wajen azahar ya dawo yana haki. Tun daga zaure yake cewa an samu, an samu.

"Inna, Malam Liman ya ce ki fita."

Inna ta juyo gare ni. Sai ta ce in tambaye shi, fita Malam ya ce? Halliru ya ce wallahi fita ya ce.

Ta girgiza kai. "Ko rabin kwanakina ban yi ba. Wane malami ne zai ce in fita?"

Na ce, Inna, fita daga ɗaki ake nufi, ba fitar takaba ba. Ta ce mai takaba fita ɗaya gare ta, ranar da kwanakinta suka cika ta yi wanka aka yi sadaka, kuma liman ya fi kowa sanin haka. Da wani abu yake nufi da wani abu zai ce. Ta ce yaron nan tun yana ƙarami ba a raba wasansa da gaskiyarsa, wa ya sani ko ma bai ga Malam ba. Na matsa wa Halliru, ya ce ya gan shi, amma mutane sun yi masa yawa, kowa da kukansa, daga nesa ya jefa tambayar, Malam ya ɗago hannu ya ce ta fita mana. Na gaya wa Inna haka. Ta ce to ka ji.

Ta taɓa ƙafar Rabi ta ji ta yi sanyi. Sai ta dube ni sosai, abin da ba ta cika yi ba.

"Ke, tashi ki kai yarinyar nan tudu. Ki je wurin Malam da bakinki. Ki gaya masa ban cika ba. Abin da ya ce ki kawo mini shi yadda ya faɗa, kar ki ƙara kar ki rage. In ya halatta zan taho."

Na ce ta rantse. Ta ce ita ba ta rantsuwa, ta faɗa.

Halliru ya miƙo hannu ya karɓi Rabi, na sauka cikin ruwa har ƙugu na hau jirgin. Lungunmu ya zama kogi. Mun wuce rumbun su Turai ya kife, mun wuce akuya ta kumbura. Gonakin bakin kogi kan dawa kawai ake gani. A makaranta na miƙa wa Turai yarinyar, na kutsa cikin maza ba ko mayafin kirki, har gaban liman. Na durƙusa na faɗa masa yadda Inna ta ce. Ya yi salati, ya ce shi bai san haka za ta ɗauki maganar ba.

"Ki ce mata ba ta fita takaba ba. Ta fito da takabarta, ta ƙarasa ta a nan tudu, ba abin da ya ragu. Allah bai ce ta zauna gini ya faɗa mata ba."

Na sa ya maimaita. A jirgi ina ta nanata maganar a bakina don kada kalma ɗaya ta ɓace mini. Halliru tuƙi kawai yake.

Da muka iso zauren ya zube. Ƙasa da azara sun toshe hanyar, jirgi ba zai wuce ba. Halliru ya zagaya ta baya ya kama reshen darbejiyar da ke jikin katanga, na miƙe tsaye ina riƙe da kafaɗarsa. Daga nan ina hango ƙofar ɗakin Inna, amma ban hango ta ba. Ruwan sama ya ɗan lafa, kwanon ya rage ƙara. Na kira ta, ta amsa.

Na faɗa mata maganar Malam yadda ya faɗa. Ta ce in sake. Na sake da ƙarfi har maƙogwarona ya yi zafi.

"Da takabata, ya ce?"

"Da takabarki, Inna."

"To. Gani nan. Ki ce wa yaron nan ya kawar da kai, mayafina ya jiƙe, bari in lalubo wani."

Na ce ta bar mayafi, zan ba ta zanena. Ban san ko ta ji ba. Halliru ya ba ni reshen in riƙe, ya dira cikin ruwa har ƙirji, ya fara bin jikin katanga yana neman inda zai haura. Ya haura, ya kusa kaiwa rabin tsakar gida.

Bangon ɗakin bai yi wata ƙara mai yawa ba. Na baya ne ya fara zama, kamar mutum ya gaji ya durƙusa, sai kwanon ya karkata ya bi shi, sai sauran suka rufta ciki. Ruwa ya taso ya bugi jirgin har na kusa faɗawa. Na yi ta kira. Halliru ya isa wurin yana janye kwano da hannu har tafinsa ya tsage, ƙasar kuwa ta zama taɓo, in ya kwashe sai ta koma. Wasu masunta suka zo suka taya shi, ruwa ya hana su. Su suka raba hannuna da reshen suka mai da ni tudu.

Sai washegari da ruwa ya ja baya aka tono ta. Labaran ya iso daga Kano ana cikin tonon. An same ta tsakanin gado da ƙofa, ta riga ta sauko, da mayafi a kanta. Turai da tsofaffin unguwa suka yi mata wanka a wani aji na makarantar, aka kai ta maƙabartar tudu bayan la'asar.

Liman ya zo gaisuwa ya ce wanda gini ya faɗa wa ya yi shahada, in yi haƙuri. Na ce na gode. Na ce masa ta ji saƙonsa, kuma ta yarda, tana hanyar fitowa. Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa ta da Malam ɗinta.