Ranar Da Na Ƙi Faɗuwa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ko a shagon awarar Goggona ba na iya haɗa ido da mai saye. Amma an fara yaɗawa a kasuwa wai na kayar da Malam Kuramochi. Ban kayar da kowa ba. Tsayawa kawai na yi.

A ɗakinmu na koyon aikido, wata kokawar Japanawa, duk abin da Malam ya ce amsarsa ɗaya ce: hai, wato to. Za ka hau tabarma ka rusuna. Za ka kama abokin horo ka rusuna masa ka ce onegaishimasu, ina neman alfarma. Ba a cewa a'a a wurin. Abin da ya sa na so shi ke nan, ba sai na nemo abin faɗa ba.

Malam ya tsufa ƙwarai. Da ƙarfinsa ya ragu, manyan ɗalibai suka soma zubewa da zarar ya taɓa su, don kada ya ji kunya. Daga baya suka riƙa zubewa tun kafin ya taɓa su. Abin ya bi musu jiki har waje. Ya taɓa ɗaga wa Yaya Tobita, babban ɗalibinsa, hannu a tashar bas, gaisuwa kawai, sai ga Yaya Tobita ya yi alkafura da ledar kifinsa a hannu.

Sai aladen daji ya fara tone wa Malam gonar dankali. Ran nan bayan gaisuwar buɗewa ya sanar cewa gobe da safe zai je ya kayar da shi da hannu, ba sanda, ba tarko. Muka sa goshi a tabarma muka ce hai.

A lokacin hutu matarsa ta tare manyan a bakin ƙofa. Ta ce su suka hura masa kai, su za su sace iskar, in kuma aladen ya farke masa ciki ba za ta ba kowannensu ko shayi a zaman makoki ba. Suka yi ta shawara a wurin ajiye takalma. Faɗa masa baki da baki ba zai yiwu ba. Dabara ɗaya ce: wani ya ƙi faɗuwa. Yaya Tobita ya ce shi gwiwoyinsa ba sa jin maganarsa kuma, da kansu suke zubewa. Wani ya ce Malam ne ya tsaya masa a aurensa. A hankali duk suka juyo gare ni.

"Ƙanwa, ke farar ɗamarar 'yan koyo ce da ke, ba a ƙwace ta," in ji Yaya Tobita. "Ki tsaya kawai, kamar yadda kike yi in an tambaye ki kwatance."

Na ce hai.

Aka koma tabarma. Na rusuna a gaban Malam, na ce onegaishimasu da ƙyar, na miƙe. Ya ɗaga tafinsa saitin fuskata. Na kafa ido a kan babban yatsan ƙafarsa, na tsaya. Ina jin ƙarar mutum biyu sun faɗi a bayana.

Malam ya dubi hannunsa, ya girgiza shi kamar tocilan da batirinta ya yi sanyi, ya sake ɗagawa. Kunya ta sandarar da ni, ko na so faɗuwa a lokacin ba zan iya ba. Ya matso ya tura kafaɗata da gaske. Turin bai fi na labule ba. Na kuma san ya san na gane.

Sannan ya tambaya a hankali, "'Yar awara, me kika ci yau?"

Na ce awara.

Ya gyaɗa kai, ya juya ga jama'a. Ya ce shekarunsa duka yana neman ɗalibin da ya kafu a ƙasa irin haka, ashe tana nan gefe tana goge tabarma. Ya ce tsoho ba ya tare wa matasa hanya, don haka ya janye.

"Ke za ki je wa aladen gobe."

Na dubi Yaya Tobita. Goshinsa na ƙasa, na sauran ma haka. Matar Malam tana bakin ƙofa tana yi mini murmushin godiya.

Na ce hai.

Washegari da sassafe na jiƙa wa Goggo wake, na sa fararen kayana, na tafi gonar. Kunyoyin duk an birkice su, ga sawu sabo ya nufi cikin gora. Na cire takalma a bakin gona, na rusuna wa dajin, na ce onegaishimasu. Na tsaya ina jira. Na riga na yanke shawara tun a hanya: aladen yana ɗago kai zan faɗi.