Mai Gadin da Ya Saki Hannu a Sallah

…kuma ni ban ce masa ni ɗan Shi'a ne ba, Rahma. Wallahi ban ce ba. Hannuna kawai na saki a sallah, yadda Baba ya koya mana ni da ke a zauren gidanmu na Zariya. Sadlu. Shekara talatin da shida ina yin abina, 'yan Izala na yi min kallon bidi'a, ba wanda ya taɓa rungume ni saboda shi sai wannan tsoho.

Ga shi can yana tahowa. Ƙarfe uku na rana a Doha, kwalta na tafasa, takunkumin korona ya jiƙe a hancina, shi kuwa yana jan silifas da takarda a hannu. Gulam Sahi. Mutumin Afganistan. Sati uku ke nan da jirgi ya sauke su, aka zuba su a gidajen nan da aka gina wa baƙin gasar ƙwallon duniya ta baɗi. Ledar kujeru ma ba a cire ba. Ni ne mai gadin ƙofa — duba kati, auna zafin goshi, yalla, wuce.

Ranar da muka fara haɗuwa, bayan ɗakin gadi ya same ni ina la'asar. Ya tsaya har na sallame. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya saki hannayensa kamar nawa, ya nuna ƙirjinsa… sai kuka. Tsoho da furfura. A ƙasarsu duk wanda ya saki hannu ɗan Shi'a ne, shi ke nan. Ina zai san mazhabar Malikiyya? Ina zai san Baba? Kalma ɗaya ta ishe ni gyara masa. Me ya riƙe min baki? Kunya? Ko daɗin a ɗauke ni mutumin kirki?

Waya ce tafintarmu. Ya yi magana, ta juya min. Malamin makaranta ne, shi ke riƙe akwatin zaɓe a unguwarsu. Sojojin Turawa a bakin titi da motocin yaƙi, mutane a layi, kowa ya dangwala yatsa a tawada. Da aka watse, masu bindiga suka tare hanya suna duba hannu. Yatsansa na dama guntu ne, su suka sare shi. Aka tashi bam a masallacinsu, aka tashi a makarantar 'yan mata. Shekara ashirin baƙi na gadin akwati, rana ɗaya suka naɗe tabarmarsu suka hau jirgi. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Ko a nan, cikin gidan da aka ba su, ɓoye sallarsa yake yi, don bai san wanda ke kwance a ɗaki na gaba ba.

Na yi tsaki a raina, na ce Allah wadaran mutanen nan. Ni! Ni Ɗalhatu na yi tsaki. Laifi tudu ne…

Mu wane sojan baƙo ya mamaye mu? A layin zaɓenmu wa ya taɓa tambaya me ɗan takara zai yi? Namu ne? Wane masallaci yake sallah? Shi ke nan, a dangwala. Har mijinki Mudasiru ya ce zai nemi kansila, muka yi ta dariya a majalisar hira. Ɗan Shi'a? Ko rijiya zai haƙa a kowane lungu ba zai samu ƙuri'a goma ba. Ya haƙa ɗaya ma, ai kin tuna, mun sha ruwanta.

Zafin nan zai kashe ni. Saura taku nawa ya iso?

Samarin unguwa da gora da galan ɗin fetur, ranar da aka ce an gaji da tattakin 'yan Shi'a. Suka tsaya a bakin shagona. Wanne ne gidan Mudasiru? Ban yi magana ba. Ban ɗaga yatsa ba. Leɓe kawai na tura, yadda ake nuna wa baƙo hanya. Na ce tsorata shi za su yi. Haka nake gaya wa kaina shekara biyar, Rahma, tsoratarwa… Suka afka gidanku. Kin fito ba mayafi, goyo a baya, kika dube ni. Kwana biyu Mudasiru ya yi a asibiti, ya cika. Ban je jana'iza ba, wai kada a gan ni a sahunsu.

Shekaranjiya tsohon ya tambaye ni ta waya: mutanenmu na ƙasarku, yaya suke? Me Bahaushe zai ce? Ko a gadon mutuwa aka gaishe shi, lafiya lau. Bakina ya riga ni. Lafiya lau suke, Alhamdulillahi. Wayar ta juya masa, ya ɗaga hannu sama.

Jael, nas ɗin nan 'yar Kagoro da ke soka musu tsinken gwajin korona a hanci, ita ta faɗa min yau da safe. Wai ana rubuta ƙasar da kowa ke so a kai shi. Kowa Kanada, kowa Jamus. Shi ya ce Najeriya zai kai 'yarsa, inda ɗan Shi'a ke sallah a fili ba mai taɓa shi. Ta harare ni ta saman takunkumi. “Malam Ɗalhatu, me ka gaya wa dattijon nan? Mu da muka san gida?” Ita da aka ƙone cocinsu sau biyu.

Ba za su ba shi ba, ko? Wa ke kai ɗan gudun hijira Najeriya? To in sun ba shi fa? In ya bar Kanada ta wuce saboda gaisuwata?

In faɗa masa. Yanzu. Dattijo, ni ba naku ba ne. Ba wannan kaɗai ba — ni ne irin wanda ka gudo wa, gemu da bindiga kawai na rasa. Wayar za ta iya juya wannan? Ina jin tsoron fuskarsa fiye da korar aiki, kuma na tsani kaina a kan haka.

Ya iso. Yana murmushi a bayan takunkumi, idanunsa sun nuna. Ya shimfiɗa takardar a kan teburina, ya danna waya, ya miƙo. Na karanta. Ana son suna da lambar wanda zai karɓe su a can. Mutum ɗaya, amintacce, daga cikin namu, in ji shi.

Mutum ɗaya na sani. Duk faɗin Najeriya, mutum ɗaya.

Lambarki na nan a kaina, ban taɓa mantawa ba, ban taɓa kira ba. Ke kam za ki karɓe su, na sani, ko a ɗaki ɗaya kike. Abin da ke ƙona ni ke nan. Yana jira… biro na hannuna…

In na kira kika ɗauka, Rahma, in ce wa ke magana?