Yatsun Tela a Cikin Sifirin

Motar ta Baba ce, tsohon bakanike da ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin motocin mutane kafin shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi bara. Hannunsa na hagu ya mutu, harshensa ya yi nauyi, magana tana fito masa a cakuɗe. Duk gidan Auta ce kaɗai take gane shi ba sai ya maimaita ba. Ita ce ƙaramar 'yarsa, malamar asibiti, kuma ita take kai shi gashin ƙashi duk Talata a wannan motar.

Wata biyu ke nan gaban motar yana ƙara. Ko ɗan rami ta faɗa sai a ji kwaram, sitiyari ya girgiza. Baba ya saurara sau ɗaya ya yanke hukunci: shokazoba biyu na gaba, masu shanye jijjigar hanya, sun mutu, bushin kuma sun cinye. Auta ta ce a kai gareji, ya harare ta.

"A gida," ya ce. "Kaina bai shanye ba."

Kai yana nan, hannu ne babu. Shi ya sa ranar Asabar da hantsi mijin Auta, wanda kowa ke kira Tela saboda sana'arsa, ya cire rigarsa mai kyau ya durƙusa a tsakar gida. Mutum ne mai kunyar surukinsa, ko zaune yake, ka ce ga Baba nan sai ya miƙe. An ajiye wa Baba kujera a inuwa, Auta ta tsaya tsakaninsu tana fassara.

Da farko aikin ya tafi lafiya. Suka ɗaga motar da jak, suka tokare ta da katako, suka cire tayar dama. Tsofaffin bushin, wato robobin da ke riƙe ƙarfen ƙafar mota, sun tsage kamar busasshen diddige. Tela ya buge su da guduma, ya shafa wa sababbin sabulu ya tura su a gurbinsu.

"Me ya ce?" Tela ya tambaya da ya ji Baba ya yi gunaguni.

"Wai kana riƙe guduma kamar almakashi."

"Ki ce masa shi ma ya zo ya ɗinka mini aljihu mu gani." Sai ya rage murya. "A'a, kada ki faɗa."

"Na ji," in ji Baba, wannan karon sarai.

Kafin azahar sun fito da shokazobar, sifirin ɗinta a naɗe a jiki, kaurinsa ya kai babban yatsa. Baba ya sa aka ɗauko wasu ƙarafa biyu masu ƙugiya daga akwatinsa, waɗanda ake matse sifirin da su kafin a kwance notin sama. Ya yi dogon bayani, Auta ta maimaita: ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, a ɗaure su bi da bi, kuma kada kowa ya sa fuskarsa saitin bakin sifirin, domin ƙarfin da yake ɗauke da gaban mota ne a matse a ciki.

Tela ya ɗaure, ya kwance notin, ya zare tsohuwar shokazobar. Auta ta juya za ta miƙo sabuwar, sai ta ji wani ɗan ƙiii a bayanta.

Ƙugiya ɗaya ce ta zame, ta bi jikin sifirin ta koma kusa da 'yar'uwarta. Sifirin ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya buɗe, ɗayan ya haɗe. Tela kuwa ya riga ya kai hannu zai tare, yatsunsa biyu na dama suka maƙale a inda ya haɗe.

Bai yi ihu ba. Numfashi ya ja ta tsakanin haƙora, gumi ya keto masa.

"Auta," ya ce. "Auta, kwance shi."

Ta wawuri sifana. Baba ya buga sandarsa a ƙasa da ƙarfi, ya yi wata magana da sauri, kalmomin suna hawa kan juna. Karo na farko tun da ya kwanta ciwo, Auta ba ta gane ba.

"Baba me kuka ce? Don Allah a hankali!"

Ya sake faɗa, miyau yana zubo masa ta gefen baki. Ba ta gane ba. Ta dubi yatsun mijinta, sun fara yin shuɗi. A asibiti ta sha ganin irin wannan, ta san abin da ke biyo baya in jini ya daɗe bai wuce ba. Da waɗannan yatsun yake zura zare a allura.

"Ki kwance kawai!" Tela ya ce.

Baba ya miƙa sandar ya ture kan Tela gefe, ba da wasa ba. Sai a lokacin Auta ta lura bakin sifirin yana saitin haɓarsa. Ta ajiye sifanar, ta durƙusa gaban mahaifinta, ta kama hannunsa mai lafiya.

"Kalma ɗaya ɗaya, Baba."

Ya rufe ido, ya haɗiye miyau.

"Sar...ƙa."

Sarƙar da ake ɗaure ƙofar gida da ita. Ta ruga ta ciro ta har da kwaɗonta. Baba yana nuni da sanda, ita tana zura sarƙar ta cikin zoben sifirin a gefen da ya buɗe, daga sama zuwa ƙasa, sau biyu. Duk lokacin da sarƙar ta taɓa ƙugiyar sai ta dakata. Ta ja iya ƙarfinta ta danna kwaɗon.

"Ƙarfen... taya."

Ta ɗauko ƙarfen da ake cire taya da shi, ta cusa bakinsa kusa da yatsun Tela, ta ba shi ya danne da hannun hagu.

"Yanzu. Rabi... rabi."

Ta sa sifana a ƙugiya ta farko ta juya rabi. Ta koma ta biyu ta juya rabi. Sifirin ya yi kuka. Tela ya kifa goshinsa a ƙasa yana salati. Ta sake juyawa. A juyi na biyar ta ga ɗan haske tsakanin ƙarfen da fatarsa.

"Ja!" ta ce.

Ya fizge hannun, ya faɗi ta baya. Ƙarfen tayar ya suɓuce, ƙugiya ɗaya ta ɓalle ta yi sama ta daki ƙofar motar, sifirin ya yi tsalle kamar mai rai, sarƙar ta riƙe shi. Ya yi birgima sau biyu ya tsaya a jikin bango.

Auta ta kama hannun mijinta ta duba. Farce ɗaya ya tashi, ɗan yatsan tsakiya ya kumbura ya karkace, amma da ta matsa kansa ya ce yana ji, kuma jini ya fara dawowa. Ta naɗe shi da tsumma mai tsabta, sannan ta zauna a ƙasa cikin baƙin mai.

Baba yana kallon ƙugiyar da ta ɓalle. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Me ya ce?" Tela ya tambaya.

Auta ta dubi mijinta. "Ya ce tun da aka ɗauko ta ya ga bakinta ya cinye, ya yi shiru. Ya ce ka yafe masa."

Tela ya sunkuyar da kai. "Haba Baba. Ni na kai hannuna."

Maƙwabci ne ya kai su asibiti. Hoto ya nuna tsagewar ƙashi, aka ɗaure yatsan, aka ce sati huɗu ba ɗinki. Motar ta kwana bakwai a kan katako, Baba ya rasa gashin ƙashi na Talata ɗaya. Asabar ta gaba Auta ta aro sababbin ƙarafan matsewa daga wani gareji, ta ɗaura tsohon zane, ta zura sarƙa tun kafin ta taɓa noti, ta gama ɓangaren dama ta koma na hagu. Baba yana ba da umarni, Tela yana zaune kusa da shi da farin bandeji, yana miƙo sifana da hannun hagu, rabin lokaci ba wadda aka nema ba.